Nonon Wa Atika Ta Sha?

Ranar wata Asabar da hantsi, a ƙarshen damunar shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, tsakar gidan Malam Sule mai hatsi da ke Ƙofar Rini ya cika da hira da dariya. An shanya zannuwa a igiya, an baje tasoshi da kwanuka a kan tabarma, domin bikin 'yarsa Atika ya matso.

Atika shi ne sunanta na yanka, amma a gida Tani ake ce mata, saboda ranar Litinin aka haife ta. Ta gama makarantar horon malamai mata, tana koyar da 'yan aji ɗaya. A wannan safiya tana durƙushe tana guga da dutsen gawayi.

"Ke Tani!" in ji Goggo Jummai, yayar mahaifinta. "In kinka ƙona zanen nan, da tsumma za mu kai ki gidan Mode!"

"Haba Goggo! Ni ka koya ma yara guga a makaranta fa."

"Awo, tica! Shi ya sa jiya kinka bar tuwo ya kama, kina can zaure kina dariya."

Atika ta rufe fuska da gefen zane. Can bakin murhu mahaifiyarta, Inna Uwani, ta ci gaba da hura wuta kamar ba ta ji ba. Atika ita ce 'yar farinta, kuma a gidan nan kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Inna Uwani ba ta faɗin sunanta, ba ta sa baki a zancenta, sai dai ta ce "waccan" in dole ta kama. Tun da aka yaye Atika aka miƙa ta ga Goggo Jummai, wadda a lokacin take aure a Argungu. Da mijin Goggo ya rasu suka dawo Sakkwato tare. Don haka duk abin da ya shafi Atika, Goggo ce mai magana.

Mode kuwa tela ne a kasuwa, maraya, ɗan unguwarsu. Da la'asar ya jingine basukur ɗinsa, wato kekensa na hawa, a ƙofar gida, Atika ta fito zaure ta same shi da zare a kan hula.

"Sannu Maikeke. Yau ma ɗinkin ya hana ka cin abinci?"

"Sori, Tica. Yunifom ɗin 'yan makaranta na fareti ne, duk an jibge mini. Ga kuma tutoci, kore da fari, kore da fari — har mafarkinsu nake yi!"

"To ni fa? Ba ka mafarkina?"

"Ke ai ido biyu nake ganinki."

Haka suke, kullum cikin raha. Iyaye sun yarda, an kai kaya, an sa rana bayan bikin 'yancin kai da 'yan kwanaki. Babu wanda ya zaci akwai abin da zai gitta.

Kashegari Goggo Jummai ta tafi suna a makwabta. Ta fita tana wasa da kowa, ta dawo mayafi a hannu tana salati tun daga soro.

"Innalillahi! Ina Malam? Ku kira mini Malam!"

Malam Sule ya shigo da sauri. "Yaya, lafiya? Mi ya faru?"

"Ina lafiya! Allah ne ya tsare mu, da mun aurar da wa da ƙanwa! Tani ta sha nonon Hadiza, uwar Mode!"

Atika, wadda ke tankaɗe, ta saki rariya. Kowa ya san hukuncin: yaran da suka sha nonon mace ɗaya 'yan'uwa ne, aure ya haramta tsakaninsu har abada.

"Wa ya hwaɗa miki?" in ji Malam Sule.

"Matar Maigandi mahauci, gaban mata! Ta ce maganar daga bakin Iya Zainaba ungozoma ta hito, wadda ta zauna nan unguwar kahin ɗanta ya ɗauke ta zuwa Wamakko. Ta ce Iya da idonta ta ga Hadiza tana ba Tani ta gidan nan nono."

Malam Sule ya zauna a kan turmi, ya cire hula. "Ni wannan zancen mata ne, Yaya. Shekarun nan rabinsu ina hanyar Gwanja wajen fatauci. Hadiza ta rasu, mijinta ya rasu. Wa za a tambaya?"

"Ga uwar ɗiya nan zaune!" Goggo ta juya wajen murhu. Matan makwabta biyu sun riga sun biyo ta, suna tsaye a bakin ƙofa. "Uwani, ba haka anka yi ba? Hwaɗi gaskiya, don Allah!"

Inna Uwani ta sunkuyar da kai. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta tashi ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba.

"Kun gani?" in ji Goggo, hawaye na zubo mata. "Da ƙarya ne ai da ta ce a'a."

Nan take Malam Sule ya yanke magana. Ya ce shi ba zai yi wasa da haram ba, a tattara kayan Mode, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a mayar wa kawunsa.

Atika ta shiga ɗaki ta kifa kai a kan akwatin kayan aurenta, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Goggo ta zauna kusa da ita tana shafa mata baya, ita ma tana kuka, domin ba ƙin Mode take yi ba. Tsoron Allah ne ya kama ta.

"Yi haƙuri ɗiyata. Allah shi ba ki wanda ya hi shi."

"Ba na son wanda ya fi shi, Goggo! Shi nake so!"

Labari ya riga ya kai kasuwa. Da Mode ya zo, bai shiga zaure ba, a waje ya tsaya riƙe da basukur, idanunsa jajur.

"Yanzu sai in ce miki ƙanwata?" ya faɗa yana ƙoƙarin murmushi.

"Kar ka kuskura! Kai ka taɓa jin Innarka ta faɗi haka?"

"Ko sau ɗaya. Amma ina yaro ta rasu, Tica. Ƙila tare da ƙanwata ta shayar da ke, tunda sa'o'in juna ne ku. In gaskiya ne, wallahi ba zan saɓa wa Allah ba. Sai dai in bar garin, don ba zan iya ganinki a gidan wani ba."

"In gaskiya ne, ni ma na haƙura," in ji Atika, tana share ido. "Amma sai na san gaskiya ne. Kar ka je ko'ina tukuna."

Da ta koma ciki ta sami mahaifiyarta ita kaɗai tana tsince shinkafa. Ba ta taɓa yi mata irin wannan tambaya ba, amma ta durƙusa.

"Inna, don Allah, wa ya shayar da ni?"

Hannun Inna Uwani ya tsaya. Ba ta dube ta ba. "Ke ba ki da kunya? Tahi ki tambayi goggonki."

Atika ta tashi ta nufi ƙofa. Amma tana fita sai ta tsaya ta yi tunani. Tun da take, Inna ba ta taɓa amsa wata magana a kanta ba, mai daɗi ko marar daɗi. Ranar da ta ci jarrabawa ma haka ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. To yaya aka yi shirun da take yi kullum ya zama shaida yau?

Da safe ta kai wa Goggo kunu, ta zauna a gabanta.

"Goggo, zan tambaye ki abu, kar ki yi fushi. Matar Maigandi da kunnenta ta ji daga Iya Zainaba?"

"Haka ta ce... a'a, tsaya. Ta ce wata mai kawo shinkafa daga Wamakko ta hwaɗa mata."

"Ita mai shinkafar, kin san ta?"

"Ina zan san ta?"

"To Goggo, ke kin ji daga matar Maigandi, ita ta ji daga mai shinkafa, mai shinkafa ta ce ta ji daga Iya. Iya Zainaba tana da rai?"

"Tana nan, sai dai tsufa."

"Wamakko kuma ba Makka ba ce. Mu je mu ji daga bakinta."

Goggo ta ɓata rai. "Wato ni maƙaryaciya ce? Abin da boko ya koya miki ke nan?"

"Wallahi a'a, Goggo. Ke kika raine ni, ban taɓa jin ƙarya a bakinki ba. Abin da aka ba ki shi kika kawo. Amma ko a aji, in na raɗa wa yarinyar farko magana, kafin ta kai ta ƙarshe ta zama wani abu dabam. In Iya ta dube ni ta ce ni ce, na rantse ba za ki sake jin sunan Mode a bakina ba."

Goggo ta daɗe tana juya ludayi a cikin kunu. Can ta ce, "Tashi ki kira mini ubanki."

Malam Sule bai so ba da farko, ya ce tonon zance ba ya ƙara komai sai kunya. Goggo ta ce masa, "Ni na kawo maganar, ni zan bi ta har inda ta hito. In ka mai da kayan kahin mu dawo, ban yahe ba." Da yake yayarsa ce, ya yarda.

Suka sami lorin da ke zuwa ɗaukar hatsi, aka sa su gaba kusa da direba. Gero ya nuna a gonaki, fadama ta yi kore shar da shinkafa, amma Atika ba ta ga ko ɗaya ba. Addu'a kawai take yi a zuci.

Sun tarar da Iya Zainaba a inuwar rumfa tana kaɗi. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma kunne da baki lafiya lau. Aka gaisa, aka sha ruwa, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu. Sannan Goggo ta gyara zama.

"Iya, magana ta kawo mu. An ce kin ce Hadiza, uwar Mode, ta shayar da Tani ta gidanmu."

"Awo, na hwaɗi. Gaskiya ce. Gabana anka yi."

Atika ta sunkuyar da kai. Goggo ta kama hannunta ta ce, "To kin ji. Tashi mu tahi."

Amma Atika ba ta tashi ba. Ta haɗiye kuka ta ce, "Iya, yi mini haƙuri. A lokacin, wane ɗa Hadiza take goyo?"

"Mode mana! Ɗanta na hwari. Shi a dama, Tani a hagu. Ya riƙa ture ta da ƙahwa, ɗan banza mai rowa!"

"Mode?" Atika ta dubi Goggo. "Goggo, Mode ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana makarantar allo aka haife ni!"

Tsohuwa ta ajiye mazari. "Ke wace ce, ɗiyata? Matso in gan ki."

"Ni ce Tani. Atika, 'yar Malam Sule da Uwani."

"Ɗiyar Uwani? La'ilaha illallahu! Wa ya ce ke nike nuhi? Tani ɗiyar Gambo nike hwaɗi, wan ubanki! Wadda uwarta ta rasu wajen haihuwarta, Hadiza ta ji tausai ta haɗa ta da nata. Ba ta yi rai ba, ƙyanda ta ɗauke ta kahin yaye. Lokacin ko auren Uwani ba a yi ba!"

Goggo ta dafe ƙirji. "Ɗiyar Gambo ai Sadiyatu anka raɗa mata! Haka anka aiko mini Argungu."

"Sadiyatu a bakin liman. Mu matan gida Tani munka ce mata, Litinin ta zo duniya. Ke kina Argungu, ina za ki sani? Ni hira nike da mai shinkafa, ta ce Mode zai yi aure, na ce Allah shi jiƙan uwarshi, mace mai kirki, har marainiya Tani ta gidan su Sule ta shayar. Shi ke nan abin da na hwaɗi! Ashe an ɗauka an kai inda ban aike ba!"

Atika tana dariya tana hawaye, amma ba ta gama ba. "Iya, saura ɗaya. Ni ɗin fa? Babu wadda ta taɓa ba ni nono ban da Inna?"

"Ni na yanke miki cibi, ni na zauna da uwarki har ta gama wanka. Zazzaɓi ya kama ta cikin jego, ta yi kwanaki ba ta san inda take ba. Mata sunka ce a kai ki makwabta, na ce a'a, kar a haɗa zumuncin da za a manta. Jar akuyar kakarki na tatsa na riƙa ɗura miki har uwarki ta tashi. In kina da ɗan'uwan shan nono a duniyar nan, to bunsuru ne — shi ma an daɗe da yin layya da shi!"

Goggo Jummai ta yi dariya har da riƙe ciki, daga nan dariyar ta koma kuka. Ta rungume Atika. "Yahe mini, ɗiyata. Da na kashe miki aure da bakina."

"Ba komai Goggo. Ai ke kika kawo ni."

Ba su tsaya nan ba. Atika ta roƙi ɗan Iya Zainaba ya bar tsohuwar ta bi su Sakkwato, don kada su ma su zama masu cewa "an ce". Kashegari, a zauren Malam Sule, gaban limamin unguwa da kawun Mode, Iya ta maimaita bayaninta tiryan-tiryan. Malam Sule ya tuna da 'yar wansa da ta rasu yana Gwanja. Aka kira wata tsohuwa a makwabta, ita ma ta ce ƙwarai, ta san Tani marainiya a hannun Hadiza. Liman ya ce wadda ta sha nonon ita kaɗai ce 'yar'uwar Mode, hukuncin bai shafi 'yar baffanta ba. Aure halal ne, babu ko shakka.

A cikin gida kuwa Goggo ta shiga ɗakin Inna Uwani, ta saki labule, su biyu kawai.

"Uwani, mi ya sa ba ki yi magana ba?"

Inna Uwani ta fashe da kuka. "Yaya, gaban mutane kinka tambaye ni zancen waccan, ya zan buɗe baki? Kuma kwanakin da na yi kwance ban san abin da anka yi ba. Tsoro nike kar in ce a'a, ashe an yi. Tun ranar ban iya cin abinci ba."

"Laihina ne," in ji Goggo. "Da na ja ki gehe tun hwarko."

Da la'asar Mode ya zo, wannan karon har cikin zaure, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Hajji.

"Tica, an ce in zo in gai da surukaina. A wane garke zan same su?"

"Maikeke! Wallahi in ka sake faɗi na fasa!"

"Sori, sori! Amma yanzu na gane inda kika samo taurin kai. Alhamdu lillahi da kika same shi."

Aka yi bikin 'yancin kai, yaran Atika suka yi fareti cikin yunifom ɗin da Mode ya ɗinka. Gari bai gama hutawa ba aka ɗaura aurensu. Iya Zainaba ta zauna har aka kai amarya, matar Maigandi ma ta zo da ƙwaryar fura tana ba da haƙuri, Atika ta tarbe ta da fara'a. Suka zauna lafiya, Allah ya ba su zuriya.

A cikin duk waɗanda maganar nan ta bi ta bakinsu babu maƙiyi ko ɗaya, babu wanda ya yi niyyar ƙarya. Kowa abin da ya ji ya faɗa, amma da kaɗan aure ya mutu. Don haka 'yan'uwa, in labari ya zo muku, musamman wanda zai raba mutane, kada ku tsaya a kan "an ce". Ku yi haƙuri ku bi shi har wurin wanda ya gani da idonsa, in kun same shi kuma ku tambaye shi dalla-dalla: wa, yaushe, a ina. Kada ku mai da shirun mutum amsa.

Goggo Jummai dai ta riƙe wannan har ƙarshen rayuwarta. Duk matar da ta shigo gidan da zance tana cewa, "Goggo, kin ji abin da anka ce?" sai ta miƙa hannu ta jawo mayafinta.

"Ban ji ba, kuma kar ki hwaɗa mini tukuna. Wa ya gani? Tashi mu tahi wurinshi."

Mafi yawansu a nan suke cewa sun bar tukunya a kan wuta.